Viscount, jirgin da ya raba fasinja da jijjiga

Assalamu alaikum, jama'a. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan jirgin Vickers Viscount: asalinsa, injinsa, da kasuwarsa.

Asali dai, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin Brabazon domin ya duba irin jiragen fasinja da za a buƙata bayan yaƙi. Daga nan kamfanin Vickers ya ƙera wannan jirgi, ya fara tashi ranar 16 ga Yuli, 1948. Shi ke nan na ɗaya.

To, injin. Nan fa zan zauna, ku yi haƙuri da ni. Kafin Viscount, jiragen fasinja da injin fistan suke tashi. Fistan ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka, jirgi duk yana kakkarwa, mutum ya sauka kansa na sara masa. Shi kuwa injin Dart na kamfanin Rolls-Royce, guda huɗu aka ɗaura wa Viscount, iska yake zuƙa ya matse ta, a ƙona kananzir a ciki, hucin ya juya wasu fukafukai, su kuma su juya farfela. Ba abin da ke bugawa, komai juyawa yake yi. Ku riƙe wannan, komai juyawa yake yi! E Hajiya, kananzir na ce, ɗan'uwan na rishonki, amma don Allah kada a je a gwada. Saboda rashin jijjigar nan, fasinjoji har tsayar da kwabo suke yi a gefensa bisa tebur, jirgi na tafe, kwabo bai faɗi ba. Ga iskar cikin jirgin a matse, yana hawa sama da hadari. Ga tagogi manya, inci 19 da 26. Wallahi jiragen yau sun cuce mu da 'yan ƙananan tagoginsu.

Ranar 29 ga Yuli, 1950 kamfanin jiragen sama na Birtaniya, BEA, ya ɗebi fasinjoji a cikinsa daga Northolt, kusa da Landan, zuwa Paris, karo na farko ke nan da irin wannan inji ya yi jigilar masu tikiti. Na uku, kasuwa: an ƙera sama da 440, har Amurkawa masu ji da jiragensu, kamfanin Capital Airlines ya yi odar 60.

Malam, kana da tambaya? Yana cewa ko jirgin ya zo yankinmu. Ya zo. Ghana Airways ta karɓi nata a 1961. Nigeria Airways kuma Fokker F27 ta saya, amma injin dai Dart ne, guda biyu. Dattawan da suka yi zirga-zirga tsakanin Kano da Legas a shekarun 1960, ku tambaye su wannan fito mai kaifi da jirgin ke yi kafin ya tashi. Akwai wata tambayar?