Kilo ko laba? Yadda za ki gane farashin cefane a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. To darasin yau na masu zuwa cefane ne, musamman sababbin zuwa Ingila, ɗalibai da amaren da aka kawo kwanan nan, don tambayar nan ta yi yawa, wai me ya sa nama a shagon mahauci yake da arha a rubuce amma in an zo biya sai kuɗin ya kamo na babban kanti ko ma ya wuce. Ku ɗauko sikelinku na kicin da waya, kalkuleta kawai za mu buɗe.

Abin da ke faruwa shi ne awo biyu ne ke yawo a garin nan. Akwai kilo da giram da muka saba da su tun gida, akwai kuma tsohon awon Turawan, laba da oza. In kin ga an rubuta lb a jikin katin farashi to laba ce, in kin ga oz oza ce. Manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Aldi duk kilo suke yi, amma ki shiga shagon naman halal ko kasuwar 'yan tebur, har yau za ki ji ana kiran farashi da laba. Kuma laba ba rabin kilo ba ce, don Allah ku riƙe wannan. Giram 454 ce. Rabin kilo kuwa 500. To giram 46 ɗin nan kamar ba komai ba ne, amma ki ce za ki yi suna ko girkin sallah ki sayi laba 10 kina lissafin kilo 5 ne, kilo 4 da rabi da 'yan kai kika ɗauko, kusan rabin kilo ya tafi, kuma ba wanda ya cuce ki, lissafin ne kawai.

To ga yadda nake yi a tsaye a shago. A ce mahauci ya sa naman rago fam 4.50 laba ɗaya, wancan kantin kuma ya sa fam 9.50 kilo ɗaya. Ido zai ce na farko rabin kuɗi ne. Ki ninka farashin laban sau biyu, ya zama 9, sai ki ƙara kashi ɗaya cikin goma na wannan 9 ɗin, wato 0.90, ya tashi 9.90 kenan. Kin ga ashe na kilon ya fi sauƙi. Mai son kalkuleta ta buga sau 2.2 kawai, abu ɗaya ne, don kilo ɗaya laba 2.2 ce. Ni dai na fi son yin lissafin da ka, hannuna ɗaya da jaka ɗaya da yaro ina zan iya lalubo waya.

Yanzu ku matso ku ga sikelin, nan ne wurin da ya fi rikita mutane kuma zan ɗan daɗe a kai. Na ɗora roba, na danna sifili, wannan kun sani. Ga tumatir. Kun ga abin da ya nuna? Ya nuna 1:04. Wata za ta karanta ta ce laba ɗaya da ɗigo huɗu, wato ta kusa ɗaya da rabi. Ba haka ba ne. Laba 1 da oza 4 yake nufi, kuma oza 16 ce ke cika laba, ba 10 ba. Don haka oza 4 kwata ce, rabin laba oza 8 ce ba 5 ba. Kar ki kwashi lambar nan yadda take ki zuba a kalkuleta, amsar za ta fito a karkace. Bari in juya sikelin zuwa giram, maɓallin yana ƙasa a nawa, wasu yana gefe. Dakata, ya koma mililita, in sake dannawa. Yawwa, giram 567. Tumatir ɗin nan dai shi ne bai canza ba. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗoriya, in kina bin girkin 'yan Amurka za ki yi ta cin karo da ita, su can har a kantunansu laba ce ke aiki. Shawarata ki bar sikelinki a giram, ki hana yara wasa da maɓallin nan.

A babban kanti kuma matsalar daban ce. Ki duƙa ki karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan farashin a jikin kanta, shi ne gaskiyar magana. Wani kayan an rubuta kuɗin kilo, na kusa da shi an rubuta kuɗin giram 100. Fam 1.20 a giram 100 fam 12 ne a kilo, sau goma kawai, alhali na gefensa da kike ganin ya yi tsada fam 8 ne a kilo. Kamar ki je kasuwar Dawanau ne wani ya faɗa miki kuɗin mudu wani na tiya, sai kin mayar da su kwano ɗaya kafin ki san wa ya fi sauƙi. Sannan ki lura wasu kayan gwari da ɗai-ɗai ake sayarwa ba da awo ba, irin wannan ki zaɓi manya abinki.

Kuma kina da haƙƙi fa. Tun 1 ga Janairun 2000 doka ta ce kayan da ake aunawa a gabanki da kilo da giram za a sayar, an yarda a rubuta laba a gefe amma kar ta fi kilon fitowa. An sha rigima a kan wannan, akwai wani mai kayan gwari a Sunderland, Steve Thoburn, da kotu ta kama da laifi a 2001 kan sayar da ayaba da laba. Bayan Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai an sake tayar da maganar komawa tsohon awo, aka nemi ra'ayin jama'a, a Disamban 2023 gwamnati ta ce a bar shi yadda yake. To in kin shiga shago ba ki ga kuɗin kilo ba, ki tambaya kai tsaye, malam nawa kilo? Ba rashin kunya ba ne, kuɗinki ne, kuma ki sa ido sikelin ya fara daga sifili.

Madara ma haka, robar nan da kuke gani an rubuta lita 2.272, ba kuskure ba ne, fayint 4 ce ta tsohon awo, kowace mililita 568. Shi ya sa in kin ga ta lita 2 cif a gefenta kar ki ɗauka girmansu ɗaya. Kwalbar jam mai giram 454 ita ma laba ɗaya ce aka canza wa riga.

Af, masu tambayar yaji da daddawa da kuka, sun iso, na ɗaura su giram 250 da giram 500, a kan sikelin nan na auna kuma ban haɗa da nauyin leda ba. Mai so ta yi magana da wuri don daddawar ba ta da yawa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi na kofi da cokali na masu kek, shi ma kofin Amurka daban yake. Sai an jima.