Sauya Dokar Ƙwallo: Ihun Magoya Baya da Abin da Alƙaluman Talabijin Ke Ɓoyewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Na baya ku ɗan matso, lasifikar ba ta kaiwa can sosai.

Maganarmu ta yau a kan dokokin ƙwallon ƙafa ce, da yadda magoya baya ke karɓarsu, da kuma wata hujja da masu iko da wasan suka saba kafawa. Duk lokacin da aka sauya doka aka yi ta ƙorafi, sai a ce ai ga shi masu kallo a talabijin ba su ragu ba, ashe dokar ta karɓu ke nan. Wannan hujja tana da rauni, kuma raunin nata nake so mu duba tare.

Mu fara da masu yin dokar, domin da yawa suna ɗauka FIFA ce kaɗai. Hukumar IFAB ce, wadda aka kafa a 1886. Ƙuri'a 8 ake kaɗawa a cikinta: hukumomin ƙwallon Ingila, Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa kowacce tana da 1, FIFA tana da 4. Sai an samu 6 doka ke wucewa. Ma'ana FIFA ba ta iya sauya doka ita kaɗai, su ma huɗun ba sa iyawa in ba ita. Ku lura babu kujerar magoya baya a wurin, babu ta gidajen talabijin. Sai dai wanda ya biya kuɗin kiɗa, ko bai shiga fili ba ana jin muryarsa.

Sauyin farko da ya girgiza wasan shi ne na satar gida a 1925. Kafin nan sai akwai abokan hamayya 3 tsakanin ɗan gaba da layin raga, aka mayar da su 2. A rukunin farko na Ingila ƙwallayen da aka ci suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 a kaka ɗaya. Masu horarwa ba su zauna ba, Herbert Chapman na Arsenal ya janyo ɗan tsakiya ya mayar da shi mai tsaron baya na uku, sannu a hankali ruwan ƙwallayen ya lafa. Haka kowace doka take. Kaka biyu ko uku na farko ba su isa a yanke mata hukunci ba, sai kociyoyi sun gama nemo mata magani.

Yanzu mu zo inda nake so mu daɗe. Gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, wadda Kamaru ta doke Ajantina 1-0 a wasan buɗewa, mu nan muna tuna ta da daɗi saboda Roger Milla. Amma a alƙaluma ita ce mafi ƙarancin ƙwallaye a kowane wasa: 115 a wasa 52, wato 2.21 a kowane wasa, ga jan kati 16. Babbar matsalar ita ce mayar wa gola da ƙwallo. Ƙungiya ta ci ɗaya, sai mai tsaron baya ya tura wa gola, gola ya ɗauka da hannu, ya dunƙule, ya yi 'yan taku, ya mirgina wa na kusa da shi, shi kuma ya sake dawo masa da ita. Ɗan gaba ya yi ta safa da marwa har ya gaji. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya buga masa da ƙafa da gangan. In da kai ne, ko ƙirji, ko gwiwa, babu laifi. In ya kama wadda aka hana, sai a ba abokan hamayya bugun tazara wanda ba a zura shi kai tsaye. A 1997 aka haɗa da jifa.

An yi ƙorafi? An yi. Gololin da suka shekara goma ba sa amfani da ƙafa suka riƙa dukan iska, 'yan baya suka koma watsa ƙwallo cikin 'yan kallo don tsoro. Ba a jima ba surutun ya mutu, yau babu mai neman a dawo da tsohuwar. A 1994 a Amurka matsakaicin ya koma 2.71, ko da yake a gasar ne kuma aka fara ba da maki 3 ga wanda ya yi nasara, don haka ba za a ba doka ɗaya duk ladan ba. Golan da kuke gani yau yana rarraba ƙwallo kamar ɗan tsakiya, jikan wannan doka ne.

Kishiyarta ita ce ƙwallon zinare: a ƙarin lokaci wanda ya fara ci ya tafi da wasa. An yi zaton za ta sa a kai hari, sai ta sa kowa ya tsorata ya tare a gida. Senegal ta ɗanɗani zaƙinta da ɗacinta a 2002, ta fitar da Suwidin da ita, Turkiyya ta fitar da Senegal da ita. A 2004 aka soke.

Na'urar layin raga, mai nuna ko ƙwallo ta tsallake layi ta shiga, ba sai mun daɗe ba. Bayan ƙwallon Lampard da aka hana Ingila a wasanta da Jamus a 2010, aka amince da ita a 2012. Cikin daƙiƙa ɗaya agogon alƙalin wasa zai girgiza, shi ke nan. Ko da ta gaza a wasan Aston Villa da Sheffield United a Yunin 2020, lokacin da jikin 'yan wasa da turken raga suka kare kyamarori, ba a ji ana cewa a cire ta ba. Dalili, ba ta sa kowa jira.

VAR kuwa, wato taimaka wa alƙali da maimaicin bidiyo, jira ce tsagwaronta. An shigar da ita doka a Maris 2018, aka yi amfani da ita a kofin duniya na shekarar a Rasha, inda aka ba da fenariti 29, adadin da ba a taɓa gani ba. Firimiya ta ɗauka a kakar 2019/20. A ƙa'idarta ta asali abu huɗu take dubawa: ƙwallon da ta shiga, fenariti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani kati a madadin wani. Kuma sai kuskuren ya fito ƙarara. To a ina take lalacewa? Na farko, satar gida ba ta da wannan sharaɗi na fitowa ƙarara, ko da kafaɗa ce ta wuce da faɗin ɗan yatsa an kama ka. Alhali a shekarun farko mutum ne ke zaɓar hoton da ƙafa ta taɓa ƙwallo a cikinsa, kuma tsakanin hoto da hoto ɗan wasan da ke gudu ya riga ya matsa. Na biyu, maimaicin hoto a hankali yana sa kowace taɓawa ta yi kama da ganganci. Na uku, sadarwa. Ranar 30 ga Satumba 2023 Luis Diaz na Liverpool ya ci Tottenham, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta. Wanda ke kan na'ura ya duba, ya ga babu satar gida, amma ya ɗauka an riga an ba da ƙwallon, sai ya ce an gama dubawa. Alƙali ya fahimci an tabbatar da tutar. Aka ci gaba da wasa, kuma da zarar an ci gaba doka ba ta yarda a koma ba. Na'ura ta ga daidai, baki ne ya kwafsa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Ku kwatanta gidan kallo cike maƙil, janareta na ruri, an zura ƙwallo, benci ya kife, wani ya cire riga. Sai alƙali ya ɗora yatsa a kunne. Kowa ya tsaya cirko-cirko, mai rigar nan na riƙe da ita a hannu bai san ko ya saka ba. Bayan minti uku aka ce ta ci. Ihu na biyu ba ya kai rabin na farko. Su ma waɗanda ke cikin filin sun fi mu shan wahala, don mu aƙalla muna ganin maimaici, su sau da yawa rubutu kawai suke gani a allo.

To duk da haka me ya sa masu kallo ba su gudu ba? A nan ne sai mun san yadda ake ƙirga su. Ba kowane gida ake ƙirgawa ba. A Birtaniya hukumar Barb tana da gidaje 'yan dubbai da aka zaɓa aka saka wa na'ura, a Amurka Nielsen ke irin wannan aiki, daga samfurin ake ƙiyasta na ƙasa duka. Sannan lambobin iri-iri ne. Akwai adadin duk wanda ya leƙa, ko da minti ɗaya ne. Akwai matsakaicin waɗanda ke kallo a kowane minti. Akwai ƙololuwa, wato mintin da aka fi cika. Wasan ƙarshe na 2018 tsakanin Faransa da Kuroshiya, FIFA ta ce mutum biliyan 1.12 ne suka kalla, amma matsakaicin masu kallo kai tsaye miliyan 517 ne. Wasa ɗaya, lamba biyu, ɗaya ta ninka ɗaya har da ɗoriya. Mai son yabon doka ya ɗauki ta farko, mai son kushe ta ya ɗauki wadda ta yi masa.

Kuma abubuwan da ke motsa lambar sun fi doka ƙarfi nesa ba kusa ba: wa ke bugawa, ƙarfe nawa, tashar kyauta ce ko ta kuɗi, an riga an san zakara ko ana ta fafatawa, mutum nawa suka koma kallo a waya ta hanyar da ba ta halatta ba. Gidan kallonmu ma misali ne. Dikoda ɗaya, mutum ɗari a gabanta, a littafin kamfani mai biyan kuɗi ɗaya ne. Ko rabin ɗakin sun yi fushi sun daina zuwa, lambar ba za ta motsa ba muddin mai gidan yana sabunta kuɗin wata. Mafi muhimmanci, mai goyon bayan Arsenal ba ya komawa kallon wasan kwando don an hana shi ƙwallo. Zai yi ta faɗa, mako mai zuwa ya dawo. Alƙaluman suna auna shaƙuwa da ƙungiya, ba sa auna yarda da doka. Rigimar ma kanta haja ce, don ita ke cika shirin sharhi bayan wasa.

In kuna son ganin inda kasuwa ta ɗan yi magana, ku dubi kwangila. Haƙƙin nuna Firimiya a cikin Birtaniya na 2016 zuwa 2019 fam biliyan 5.1 ne na shekara 3, wasa 168 a kaka. Na 2025 zuwa 2029 fam biliyan 6.7 ne na shekara 4, wasa kusan 270 a kaka. Ku raba da kanku: kuɗin shekara kusan ɗaya ne, wasannin ne suka ƙaru. Wato farashin kowane wasa ya sauka. Ba zan ɗora wa VAR wannan ba, gasa tsakanin kamfanoni ce ta yi sanyi. Amma ya bayyana dalilin da ya sa ake ta ƙara wasanni: Zakarun Turai daga wasa 125 zuwa 189, kofin duniya ƙasashe 48 da wasa 104.

Yaushe ake sauraron magoya baya? A wuri biyu. Inda suke da ƙuri'a, kamar Suwidin, inda mambobi ke riƙe da rinjaye a kulob-kulob, kuma suka hana VAR shiga babbar gasarsu. Ko kuma inda suka iya ɓata hoton da ake sayarwa. A Jamus an kawo wasan daren Litinin a kakar 2017/18, magoya baya suka riƙa watsa ƙwallayen tanis cikin fili, wasu suka ƙaurace suka bar kujeru wayam a gaban kyamara, daga kakar 2021/22 aka daina. A Fabrairun 2024 da irin wannan jifa suka rusa shirin sayar wa masu zuba jari wani kaso na kuɗin talabijin. Ba kullum ake dacewa ba. A Norwe an tashi wasan Rosenborg da Lillestrom a Yulin 2024 saboda jifa da wainar kifi don adawa da VAR, amma da aka je babban taron hukumar a Maris 2025 ƙuri'a 321 suka ce a bar VAR, 129 suka ce a cire. A Ingila kuwa Wolves ta nemi a soke ta a Yunin 2024, kulob 19 suka ƙi, ita kaɗai ta tsaya.

Wani ya turo takarda yana tambaya a kan sabuwar dokar gola. Tsohuwar ta ce kada gola ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 6, hukuncinta bugun tazara a cikin yadi na 18, kuma saboda hukuncin ya yi tsauri alƙalai suka riƙa kau da kai. Tun 2025 an mayar da ita daƙiƙa 8, alƙali ya ɗaga hannu ya ƙirga 5 na ƙarshe da yatsu kowa na gani, in gola ya wuce a ba da kwana. Ronwen Williams na Mamelodi Sundowns ne ya fara faɗawa a gasar kulob-kulob ta duniya a Amurka. A ganina wannan 'yar'uwar ta 1992 ce, tana mayar wa mai kallo lokacinsa, shi ya sa ba ku ji an tayar da jijiyar wuya a kanta ba. Abin da za ku sa wa ido shi ne lokacin da alƙali ke fara ƙirgar: sai gola ya mallaki ƙwallon sosai, kuma in ɗan gaba ya tare masa hanya, laifin ya koma kan ɗan gaban.

An kira salla, sauran takardun tambayoyin mu ɗauke su in mun dawo.