Hawan Duwatsun Shere da Kare Mai Jan Igiya

Ka kwatanta wani mutum a ranka. Jakar goyo a bayansa, kare a gabansa, igiya ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Saukowa suke yi daga duwatsun Shere, gabas da Jos, inda ƙololuwar ta kai kusan mita 1,829. Lokacin hawa, jan da karen ke yi har daɗi yake masa, don sama yake kai shi. A gangara ake yin ta. Fizga ɗaya a kan tsakuwa, ga nauyin jaka, sai mutum ya zauna ba shiri, wani lokacin da targaɗe.

To me ke sa kare ja? Takunsa ya fi naka sauri, hancinsa kuma yana jiyo abin da kai ba ka ji, warin akuya ne ko sawun wata dabba da ta wuce da asuba. Sannan idan ka ja kare baya, jikinsa turjewa yake yi, ya ƙara dannawa gaba. Amma babban dalilin kai ne. Duk sanda ya ja ka bi shi, ka nuna masa cewa ja ke kai shi inda yake so.

Saboda haka, da zarar igiya ta miƙe, ka tsaya cak. Ba tsawa, ba fizga. Zai yi ta ƙoƙari, ya gaji, ya waiwayo. Igiya na sassautawa, ka yaba masa, ka ba shi 'yar tsokar dafaffen nama, ku ci gaba. Ban da kilishi fa, yaji ya yi masa yawa, albasa kuwa guba ce ga kare. Ranar farko za ka iya tsayawa sau talatin kafin ƙarshen layinku, maƙwabta na kallonka. Ka daure. A unguwa ake wannan horo, makonni kafin a doshi dutse.

Igiyar wuya tana shaƙe maƙogwaron kare mai ja, shi ya sa kake jin yana tari. Nemi ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba: in ya ja, sai jikinsa ya juyo wajenka. Igiya kamar mita biyu ta isa, kuma kada ka naɗe ta a yatsu. Masu ɗaura ta a ƙugu don hannu ya huta, a fili babu laifi, amma ni a gangara kwance ta nake yi in riƙe a hannu, in sa shi ya bi bayana.

Idan kun hango garken shanu, ka rage igiyar, ku ratse gefe har su wuce. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta wasa da kare.

Rana na ɗagawa dutse ke ɗaukar zafi. Ɗora bayan hannunka a kai. In ka kasa jurewa na 'yan daƙiƙu, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Da haki kare ke rage zafin jiki, don haka ruwansa daban a jaka, ana ba shi kaɗan-kaɗan a inuwa. In kun sauko, kafin ya shiga mota, ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, nan kaska ke maƙalewa.