Buntun Shinkafa da Ruwan Rini: Lacca a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da 'yan uwa marina da na hango can baya, ku matso gaba, maganar taku ce.

Hanyoyi huɗu zan kawo na raba ruwa da rini, amma bari mu fara da ɓarnar. Kakanninmu da baba suke rini a karofi. Tun da William Perkin ya haɗa rinin kemikal na farko a Ingila a 1856, harka ta sauya. Rinin zamani ba duka yake kama zane ba, saura yana bin ruwan wanki tare da gishiri da soda. In ya shiga gulbi sai ya tare hasken rana, tsirran ruwa su kasa samar da iska, kifi ya mutu. Ku tuna masuntan Argungu. Wasu rinukan dangin azo kuma, in sun ruɓe, suna sakin sinadarin da ke jawo sankarar mafitsara.

Hanya ta farko, a zuba alif ko garin 'ya'yan zogale, datti ya dunƙule ya kwanta. Ta biyu, ƙananan halittu irin bakteriya su cinye rinin, sai dai suna son lokaci da kulawa. To, ta uku, nan ne zuciyata take. Buntu! Buntun shinkafa, jama'a!

Duk buhun shanshera da aka casa, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa buntu ne. Ku bi ta bayan injinan casa, nan garin ko Argungu, tsibi-tsibi ne, wani ma wuta ake cinna masa. A ƙona shi a rufe, ba iska sosai, ya zama gawayi, a gyara shi da tururi ko sinadari. Sai ƙananan ramuka su buɗe a jikinsa, ido ba ya ganinsu. Giram 1 na gawayin da ya gyaru, in aka shimfiɗa cikin ramukansa, ya wuce murabba'in mita 500. Giram 1 fa! Rini na zuwa sai ya maƙale a ciki, ruwa ya wuce garau. Ɗalibai, ku gwada da rinin da ake kira shuɗin methylene a ɗakin gwaji, da idonku za ku gani. Amma rinin da ake wa auduga ya fi taurin kai, sai an ɗan tsamama ruwan kafin ya kama. Abin da muke ƙonawa a banza, shi wasu ke saye da tsada. Na ce buntu, na sake cewa buntu.

Ta nawa muke? Ta biyar? A'a, ta huɗu: matatar zamani mai matsa ruwa, tana aiki, amma kuɗi da lantarki take ci. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ma tana da ƙa'idojin masaƙu tun 2009.

Na'am, Baba, ga hannunka.

(Wani marini: Malam, in gawayin ya ƙoshi da rini, ina za mu kai shi?)

Allah Ya saka, Baba. Rinin bai mutu ba, wuri ya sauya. Kada a zuba shi a gona, kada a ba mata su hura wutar girki da shi, hayaƙin guba ne. A shanya shi, a tara a wuri guda da ruwan sama ba ya taɓawa, nesa da rijiya. Ku haɗu a ƙungiyance, ku nemi ma'aikatar muhalli ta jiha ta ware muku ramin da aka daɓe da siminti. Bayan sallah ku same ni, mu zana girman ramin gwargwadon yawan karofinku.