Ɓeran da Ya Dace da Mesa Mai Tasowa

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi ya gabatar ga matasa masu sha'awar kiwo a Birnin Kebbi, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, da ƙannena ɗalibai, an nemi in yi bayani a kan irin ɓeran da ya kamata a riƙa ba mesar da ake kiwo a gida, tun tana ƙarama har ta kawo ƙarfi, kuma a kan haka zan tsaya.

Da farko sai mu san wace mesa muke nufi. Babbar mesar nan ta fadama da bakin gulbi, wadda kan wuce mita 4 har ta haɗiye akuya, ba dabbar ajiyewa a gida ba ce, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada. Wadda nake magana a kanta ita ce ƙaramar, mai dunƙulewa ta ɓoye kanta a tsakiyar jikinta idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta yakan tsaya tsakanin mita 1 da mita 1 da rabi, kuma tana iya yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula da ita. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka daɗe ana fitar da ita zuwa Amurka da Turai. Cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, Nijeriya kuma tana da dokar kare namun daji tun 1985, saboda haka duk mai niyyar ajiye ta ya fara tuntuɓar jami'an gandun daji.

Magana ta farko ita ce girman ɓeran. Muƙamuƙin mesa na ƙasa ɓari biyu ne da wata jijiya mai talewa ta haɗa, shi ya sa take iya haɗiye abin da ya fi kanta faɗi nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ke ruɗin masu kiwo har su ɗauka duk abin da ya wuce maƙogwaronta ya dace da cikinta. Ba haka ba ne. Ka dubi wurin da ya fi kauri a jikin mesarka, ka zaɓi ɓeran da kaurinsa ya yi daidai da wurin, ta yadda bayan ta haɗiye za ka ga ɗan tudu kaɗan a cikinta wanda zai baje cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya fi wannan tabbaci shi ne sikeli. Mesa mai tasowa tana buƙatar ɓeran da nauyinsa ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, wato idan ta kai giram 200, ɓeranta ya kasance tsakanin giram 20 da 30. Sabuwar ƙyanƙyasa takan ci duk kwana 5 zuwa 7, wadda ta ɗan tasa duk kwana 7 zuwa 10, babba kuwa wadda girmanta ya tsaya sau ɗaya a mako biyu ko uku ya ishe ta, kuma a lokacin kason yana sauka ƙasa da 10 cikin 100.

Ina so in ja hankalinku a nan, domin mu mutanen kiwo ne, mun saba auna nasara da ƙiba. Mesa ba ragon layya ba ce da za a turke a yi ta ɗura masa dusa. Idan ka matsa mata da abinci don ta yi saurin girma, kitse yakan taru a cikinta da hantarta, ta yi nauyin jiki, kwananta ya ragu. Lafiyayyar mesa bayanta yana da ɗan tudu mai laushi. Idan ƙashin bayan ya fito tsini, ta rame. Idan kuma jikin ya zama mulmulalle har fata na bayyana tsakanin ɓawonta, ka wuce gona da iri.

Magana ta biyu ita ce jinsin ɓeran. Fararen ɓeraye da ake hayayyafarwa iri biyu ne: ƙaramin jinsi, wanda ko ya tsufa da wuya ya wuce giram 40, da babban jinsi, wanda kan kai giram 300 ko fiye. A ganina gara ka saba wa mesarka da 'ya'yan babban jinsi tun da wuri, domin wannan mesa tana da naci a kan ƙamshin abin da ta saba, kuma idan ta girma a kan ƙaramin jinsi za ka wayi gari tana buƙatar uku ko huɗu a ci ɗaya, alhali ta ƙi karɓar babban. Haka kuma jariran ɓera marasa gashi ƙashinsu bai yi ƙwari ba, sinadarin gina ƙashi kaɗan ne a jikinsu, don haka da zarar kaurin mesar ya ba da dama a koma ga wanda ya yi gashi, sannan wanda aka yaye.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato inda ɓeran ya fito. Na san tunanin da zai fara zuwa wa matashi shi ne, ga ɓera cike da rumbu da shagunan shinkafa, me zai sa in sayi wani? Ina roƙonku da ku bar wannan tunani. Ɓeran gida da na kasuwa sau da yawa ya riga ya ci shinkafar ɓera, kuma wani irin gubar ba ya kashewa nan take, hana jini daskarewa yake yi, ɓeran ya yi kwanaki yana yawo da shi a jikinsa. Mesar da ta haɗiye shi ta haɗiye gubar. Ga tsutsar ciki da ƙuma da yake ɗauke da su. Mafi hatsari kuma ba ga mesar yake ba, ga kai da iyalinka ne. Ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke shiga gidajenmu shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa take kama mutum. Za ku ga masu kiwo a Turai suna yaba wannan jinsi, suna cewa shi ne abincin mesar na asali, amma nasu an daɗe ana hayayyafar da shi a keji, bai taɓa haɗuwa da na daji ba. Wanda ka ɗana wa tarko a bayan ɗakinka wani abu ne dabam. Gafiya ma hukuncinta ɗaya, ga shi kuma ta fi ƙarfin wannan mesa.

A ƙasashen waje daskararrun ɓeraye ake saye a ajiye a firiza. Mu kuwa mun san halin wutar lantarki, kuma naman da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa ya lalace. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne mutum ya samo fararen ɓeraye masu lafiya daga wurin masu hayayyafar da su don ɗakunan bincike, waɗanda ba a taɓa yin gwajin magani a kansu ba, ya yi nasa kiwon. Macen babban jinsin takan haihu bayan kwana 21 zuwa 23, ana yaye 'ya'yan a mako uku, kuma za ka samu kowane girma da kake buƙata. Sai dai a tanadar musu inuwa da iska da ruwa, domin zafin Afrilu a Kebbi yana wuce digiri 40 kuma yana kashe su, a kuma toshe kejin da raga don kada na gida su shiga su cuɗanya da su.

Kada a jefa wa mesa ɓera mai rai a tafi a bar su. Idan ba ta jin yunwa ba za ta taɓa shi ba, shi kuwa zai ciccije ta har ƙashi, kuma irin wannan rauni yana da wuyar warkewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, saboda haka a nemi likitan dabbobi ya koyar da yadda ake kashe ɓeran nan take ba tare da azabtarwa ba, a miƙa shi da dogon hantsaki tun da ɗuminsa, domin akwai ƙananan ramuka a leɓen mesar da take jin ɗumin abin farauta da su. Daskararre kuma a narkar da shi cikin leda a ruwan ɗumi har cikinsa ya saki. Bayan haka a wanke hannu da sabulu, domin sanyin firiza ba ya kashe ƙwayar Salmonela mai jawo wa mutum gudawa.

Idan ta ci, a ƙyale ta kwana biyu ba a ɗauke ta ba, kuma gefe ɗaya na akwatinta ya kasance da ɗumin digiri 31 zuwa 32, in ba haka ba abincin ba zai narke ba, ta amayar da shi. Wadda ta yi amai a ba ta hutun mako biyu, sannan a dawo da ƙaramin ɓera. Lokacin saɓa, idan idonta ya yi hazo, takan ƙi ci, haka ma cikin hunturu babba tana iya yin makonni ba ta karɓa ba. Ku riƙa auna ta duk wata kuna rubutawa a littafi tare da ranar ci da nauyin ɓeran. Matuƙar nauyinta bai sauka ba, babu abin tashin hankali, amma idan ta rasa kashi ɗaya cikin goma, ko ƙarama ce ta ƙi ci sau uku a jere, a kai ta wurin likita. Shugaba, a nan zan dakata domin a ba masu tambaya dama.