Jita Mai Gunji da Kiɗan Lissafi

Nafisa: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da war haka daga Birnin Kebbi. Yau hirar tamu kan kiɗan rok ce da ɗansa mai nauyi, wato metal, musamman rassan da makaɗa suka yi ta gwaje-gwaje a cikinsu. Ina tare da Malam Garba da Aminu. Malam, da yawa in sun ji kiɗan nan cewa suke yi hayaniya ce kawai.

Malam Garba: Ai sai wanda bai san yadda aka ɗaure tsirkiyar ba. Daga ɗaurin ne nauyin ya faro. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath a Ingila, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Danna tsirkiya mai tauri na yi masa zafi, sai ya sassauta ta. A faifansu na 1971 ya sauko da muryar jitar gida uku, gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan jita. Babbar tsirkiya a ɗaurin da aka saba tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, shi ya mai da ita wajen 69. Muryar ta yi kauri, ta yi duhu.

Aminu: Daga nan hanya ta rabu, Yaya Nafisa. Wasu suka ce a rage gudu har kiɗan ya kusa tsayawa. Shi Turawa ke kira drone, mu ce masa kiɗan gunji. Ƙungiyar Earth ta jihar Washinton a Amurka ta fitar da faifai a 1993, kiɗa uku kacal, amma ya haura minti 70. Bayansu 'yan ƙungiyar Sunn O))) suka zo, har sunansu daga wani kamfanin amfilifaya suka aro shi.

Nafisa: To tsirkiya in an kaɗa ta ai mutuwa take yi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ta yaya murya ɗaya za ta kai minti guda?

Malam Garba: Madalla da tambaya. Mai jitar zai ɗaga sauti, ya juyo ya fuskanci sifika. Iskar da sifikar ke turowa ita ke sake girgiza tsirkiyar, maganaɗisun jitar ya ɗauka ya mayar wa amfilifaya, haka abin ke zagayawa ba yankewa. Taku ɗaya gaba ko baya, muryar da ke gunjin ta canza. Amma in ya matsa da yawa, sai a ji wani tsuwwa mai huda kunne. Sau da yawa siraran wayoyin cikin maganaɗisun ne ke rawa, domin ba a jiƙa su da narkakken kaki ba. Jita mai araha ta fi wannan ciwon.

Nafisa: Ɗaya hanyar fa?

Aminu: Ita ce ta lissafi, kuma ni ita ta fi kama hankalina. 'Yan ƙungiyar Meshuggah, mutanen garin Umea a Suwidin, tun 1987 suke. Bari mu gwada a nan. Yaya, ki riƙa tafi kina ƙirga huɗu-huɗu, ki ƙarfafa na farko. Ni kuma zan bugi tebur da gudu iri ɗaya da naki, amma bakwai-bakwai.

Nafisa: Ɗaya, biyu, uku, huɗu... Kai! Bugunka mai ƙarfi sai zamewa yake yi, kowane zagaye a wani wuri daban yake faɗowa.

Aminu: Ba za mu sake haɗuwa ba sai a bugu na 29, bayan 28 sun cika. Su kuma ba kullum suke jiran haɗuwar ba. A ce zagaye takwas na huɗu-huɗu, bugu 32 ke nan. Sai a yi bakwai sau huɗu, 28, ragowar huɗun a datse jimlar a koma farko tare. Mai gangarsu hannuwansa na riƙe da huɗu-huɗu, ƙafafunsa na bin jita. Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne su saki huɗun su bi bakwai ɗin duka. Da an yi haka daɗin ya tafi, domin jan da ke tsakanin biyun shi ne kiɗan.

Malam Garba: Kunnen da ya saba da taron makaɗan kotso ko kalangu, inda wani ke riƙe gindin kiɗa wani na yawo a kansa, ba zai sha wuyar kama wannan ba.

Nafisa: Malam, a ce matashi a nan ya sami jitar lantarki ta gwanjo, yana son muryar nan mai kauri. Sassauta tsirkiya kawai zai yi?

Malam Garba: In ya yi haka za ta yi lakwab-lakwab, tana dukan ƙarafan wuya, kuma da ya kaɗa da ƙarfi muryar ta haura sannan ta dawo. Kaurin tsirkiyoyin da aka saba daga lamba 10 zuwa 46 yake. Mai saukowa gida uku ko huɗu ya nemi 12 zuwa 56. To mai kaurin ba za ta zauna a tsagin da ke saman wuya ba, sai an buɗa shi da ƙaramin zarto, a faɗaɗa gefe kawai. In aka zurfafa, an ɓata. Sai wuyan kansa: danna gidan farko da na ƙarshe tare, ka duba tsakiya. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe ta kai kaurin katin gaisuwa, kamar rubu'in milimita. In ba haka ba, a sa alanki a murɗa sandar da ke cikin wuyan, rubu'in juyi, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. Na ƙarshe jaki, wato abin da tsirkiyoyin ke hawa a jikin jitar: in muryar gida na 12 ta haura, a ja jakin baya.

Aminu: Kuma a sake dubawa da hunturu. Itacen na tsukewa saboda bushewa, har bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu.

Malam Garba: Ƙwarai. Amma abin da ya fi damuna wuta ce. Tamu 230 ce, kayan Amurka na 120 ne. A duba bayan amfilifaya kafin a jona, in 120 aka rubuta sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba nan take ta ƙone. Amfilifaya mai kwalaben gilashi a ciki kuma kada a kunna ta ba sifika a jone. Sannan wannan gurnanin da ake ji in an ɗaga sauti, musamman a kan janareta, wasu sai su karya ƙafa ta uku ta fulogi wai ya yi shiru. Don Allah a daina. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, in wuta ta zube ta jikin mutum za ta bi. Leslie Harvey, wani mai jita ɗan Sikotilan, makirfon da wuta ta zubo masa ne ya kashe shi a kan dandamali a 1972. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa, a haɗa janaretan da ita, a zuba ruwa a gindinta lokacin rani.

Nafisa: Kunne fa? Kiɗan gunjin nan ai da ƙarfi ake jin sa.

Aminu: Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka shi ne desibel 85, wato awon ƙarfin sauti, na awa takwas. Duk ƙarin uku, lokacin ya rabu biyu. A 100 minti 15 ne kawai, kuma ɗakin gwaji mai bangon siminti da rufin kwano yana iya wuce haka. A sa abin toshe kunne, a rataya barguna ko tabarmi a bango, kuma a ɗora sifikar a kan benci tana kallon mai kiɗan, don ya ji kansa ba sai ya ƙure sauti ba.