Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke yanke hukunci a wasan bodabil?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma duk a kan abu ɗaya suka taru, wato tsohon wasan nan na Amurka da ake rubutawa vaudeville, wanda bakinmu ya fi jin daɗin kira bodabil.

Ta farko daga Zariya take, daga wani ɗalibi mai karatun wasan kwaikwayo. Yana tambaya: "Mene ne bodabil, kuma da wane ma'auni ake gane wasa ya yi kyau, tunda babu alƙalai masu ba da maki?"

To Malam, bodabil ba labari ɗaya ba ne da ake farawa a kai ƙarshe. Wasanni ne takwas ko tara a jere, kowa da nasa: mawaƙiya, ɗan barkwanci, mai rufa-ido, 'yan tsalle-tsalle, mai karnuka masu wayo, kowa ya yi minti goma zuwa ashirin ya ba wani wuri. Ya fara tashe wajen 1881, lokacin da Tony Pastor ya hana batsa a gidan wasansa na New York don mata da yara su riƙa shiga, ya kuma ci zamaninsa har farkon shekarun 1930.

Alƙali kuwa akwai shi, sai dai ba a ganinsa. Manajan gida ne. A gidajen Keith da Albee, kamfanin da ya mamaye gabashin ƙasar, ranar Litinin da rana ake buɗe sabon jeri. Manaja zai zauna da agogo da takarda, idonsa a dandamali, kunnensa a wajen 'yan kallo. Ya rubuta minti nawa wasan ya ci, ko an yi dariya, ko an tafa, ko kuwa shiru aka yi kamar malam ya ci shirwa. Rahoton ya wuce ofishin da ke raba aiki, kuma da shi za a duba ko mako mai zuwa kana da abinci. Littattafan waɗannan rahotanni suna nan ajiye a Jami'ar Iowa. Idan kuma bakinka ya zame ka yi maganar da ba ta dace ba, kafin wasan dare za ka tarar da ambulan shuɗi yana jiranka. Ko ka cire maganar, ko ka tattara kayanka.

Amma in kana son sanin darajar ɗan wasa ba tare da ka ga rahoto ba, dubi inda aka ajiye shi a jeri. Na farko wasan da ba a magana ne, dabbobi ko 'yan tsalle, domin mutane na ta shigowa suna neman kujera, ba mai saurare. Na biyu shi ne gurbin da kowa ke gudu, gida bai ɗumama ba tukuna, nan ake gwada sababbin shiga. Daga nan wasa ya riƙa hawa har hutun tsakiya. Tauraro ba shi ke rufewa ba, shi ne na kusa da ƙarshe. Na ƙarshen, Allah sarki, yana wasa jama'a na ɗaukar huluna suna fita, har 'yan wasan kan yi wa kansu ba'a cewa ƙeya suke yi wa wasa. Saboda haka mutum na iya zama gwani a ajiye shi a gurbi na biyu, a tafa masa sama-sama, manaja ya rubuta cewa ba yabo ba fallasa. Ma'aunin ba ya rasa son kai.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maradi. Ta ce ta sha gani a zanen barkwanci ana saƙalo ɗan wasa da doguwar ƙugiya a janye shi bayan labule, shin an taɓa yi da gaske?

An yi, Hajiya, amma ba ga waɗanda suka riƙe wasan sana'a ba. A daren 'yan koyo ake yi, kuma ana danganta farkonsa da gidan Miner da ke unguwar Bowery a New York, a 1903. Da zarar 'yan kallo sun gaji sai su kama ihu a kawo ƙugiya. Gidan Apollo na unguwar Harlem a New York ya gaji wannan al'ada daga 1934, shekarar da mawaƙiya Ella Fitzgerald, tana 'yar shekara 17, ta ci gasar 'yan koyo a can.

Tunda kin tono wannan, bari in ba ki labarin 'yan gidan Cherry, wasu 'yan'uwa mata daga ƙauye a jihar Iowa. Waƙa ba murya, rawa ba tsari, su kuma a ransu fadakarwa suke yi. A 1896 Oscar Hammerstein ya kawo su gidansa na Olympia a New York, yana sane sarai da abin da ya ɗauko. Gida ya yi ta cika maƙil makonni, mutane na biyan kuɗi don su yi ihu su jefe su da kayan miya. Da wata jarida, Des Moines Leader, ta buga sharhin da ya yi musu kaca-kaca, sai suka kai ƙarar ɓata suna. A 1901 kotun ƙolin Iowa ta ba jarida gaskiya, ta ce wanda ya fito gaban jama'a ya yi wasa ya ba da damar a faɗi ra'ayi a kansa, ko da da zafi, muddin ba ƙeta a ciki. Har yau ɗaliban shari'a a Amurka na karanta hukuncin.

Wannan ya kai mu ga ta uku, daga wani direba a Kumasi, gajeriya ce: "Gwaninta ake biya ko farin jini?"

Direba, ni dai a ganina farin jini ake biya, gwaninta kuwa ita ke sa a daɗe ana biya. Mawaƙiya Eva Tanguay da bakinta ta yarda ba ta da wata murya, amma ƙarfin jikinta da rashin kunyarta a dandamali sun kai ta ga dala 3,500 a mako. Gidan Victoria na New York ma har waɗanda sunansu ya fito a jarida saboda abin kunya yakan ɗauka, a zo a kalle su mako guda ko biyu, ƙura ta lafa a manta da su.

Waɗanda suka daɗe su ne masu kunne. Houdini mai rufa-ido yana ta fama da dabon kati ba riba, sai a 1899 Martin Beck, mai raba aiki a gidajen Orpheum, ya gan shi ya ce ya bar sauran ya riƙe kuɓucewa daga ankwa. Ɗan barkwanci Buster Keaton kuwa tun yana ƙaramin yaro ubansa ke cilli da shi a dandamali, da maɗauki irin na akwati ɗinke a rigarsa. Yaron ya lura in ya tashi yana murmushi dariyar jama'a takan ragu, in ya ɗaure fuska sai gida ya ɓarke. Da wannan ɗaurarriyar fuska ya shiga fim, da ita duniya ta san shi. Ba malamin da ya koya masa, wasa ne sau biyu a rana a manyan gidaje, sau huɗu ko biyar a ƙanana, kana gyara daƙiƙa ɗaya yau, kalma ɗaya gobe.

Akwai kuma inda tafi bai isa ba. Manyan gidaje galibi ba sa sa wasan baƙaƙen fata fiye da ɗaya a jeri. Bert Williams, baƙar fata, wanda abokan sana'arsa farare ma suka sallama masa a barkwanci, sai da ya riƙa shafa baƙi a fuska kafin ya hau dandamali, kuma otal ɗin da abokan wasansa ke kwana ba lalle ya shiga ta ƙofar gaba ba.

Burin kowa dai shi ne gidan Palace na New York, wanda aka buɗe a 1913. Wasan Litinin da rana a can masu raba aiki da 'yan wasa ne ke cika kujeru, kowa ya san sirrin sana'ar, ba a yi musu dabo. Fim mai magana ya iso a 1927, rediyo ya shiga gidaje, wasan da mutum ke yawo da shi shekara goma gari-gari ya zama a dare ɗaya kowa ya ji shi. A 1932 Palace ɗin kansa ya koma nuna fim.

Mai jan akalar shiri yana nuna mini agogo. A ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.